Sili Ɗaya Ƙwale: Kano da Kofin Ƙalubale, 1953 Zuwa 2019

Gabatarwa

Na tabbata wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, da zarar sun ga kan wannan maƙala, za su ce me ya haɗa kifi da kaska. An saba a buɗe mujallar nan a tarar da nazarin waƙa, ko na karin magana, ko tarihin wata sarauta, sai ga wani ya zo da zancen tamaula. To, ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri ya saurare ni. A ganina, duk abin da zai sa magidanci ya baro gonarsa ranar aiki ya zauna gindin rediyo, ya kuma kasa cin tuwon dare saboda abin da ya ji, ya isa a rubuta tarihinsa da harshen mutanen da abin ya dama.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani musu da na tarar a hutun da ya wuce, da na je gida Bagwai. Wata rana da daddare na iske ƙannenmu a teburin mai shayi suna ta ce-ce-ku-ce a kan wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2005, wanda aka yi a Istanbul, inda AC Milan ta ci Liverpool uku da nema kafin hutun rabin lokaci, Liverpool ta farke su duka, ta kuma ɗauki kofin a bugun fenariti. Yawancinsu ba a ma haife su ba a lokacin, amma sun san wanda ya ci ta fari da wanda ya ci ta ƙarshe. Wani mai wayar hannu har ya tsallaka Amurka, ya kawo labarin irin tasu ƙwallon da ake runguma a ruga da ita, watau wasan ƙarshe na watan Fabrairu 2017 a birnin Houston, inda Atlanta Falcons take gaba da maki 28 da 3, amma New England Patriots ta biyo ta a baya ta cinye da 34 da 28. Da suka lafa sai na ce musu, "To, Asaba fa?" Aka yi tsit. Mutum biyu kaɗai suka gane abin da nake nufi, su ma a gurguje.

Gasa iri biyu

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata a bambance gasa iri biyu, domin a nan ne duk zancen ya rataya. Akwai gasar lig, inda kowace ƙungiya take karawa da kowace sau biyu, gida da waje, ana tara maki har ƙarshen kaka. Wannan ta yi kama da noma: wanda ya yi sakaci a noman farko yana iya gyarawa a maimai, kuma sai an kai amfani rumbu ake sanin gwani. Akwai kuma gasar kofi, wadda masu sharhin wasanni na gidajen rediyo suke kira sili ɗaya ƙwale. Ita wannan 'yar'uwar dambe ce. Duk wanda aka kai ƙasa an yi kisa ke nan, sai ya tattara ya fita, ko da kuwa shi ne ya fi kowa suna a fagen. Tsohuwar gasa irin wannan ita ce ta Ingila, wadda aka fara a kakar 1871 zuwa 1872, kuma daga can ne Turawan mulki suka kawo mana salon.

A Nijeriya an fara gasar kofin ne a 1945, da sunan Kofin Gwamna, zamanin Gwamna Arthur Richards. Ƙungiyar Marine, ta ma'aikatan jiragen ruwa, ita ta fara ɗauka. Daga baya sunan ya yi ta canzawa. An daɗe ana ce masa Kofin Ƙalubale, aka koma Kofin Tarayya, sa'an nan daga 2017 aka liƙa masa sunan kamfanin mai na Aiteo na 'yan shekaru, saboda shi ne yake ɗaukar nauyi. Ni dai a cikin wannan maƙala zan riƙa cewa Kofin Ƙalubale, don shi ne sunan da dattawanmu suka riƙe.

Daga Kofin Gwamna zuwa Raccah

Shekara takwas na farko kofin bai taɓa barin Ikko ba. Tsakanin Marine da ƙungiyar ma'aikatan reluwe da wasu ƙungiyoyin kamfanoni yake yawo, kuma reluwe ta fi kowa ɗauka. Ba abin mamaki ba ne, domin a can ne ma'aikatun da suke iya ɗaukar ɗan wasa aiki su ba shi lokacin atisaye suka taru. Sauran garuruwa kuwa, irin su Jos da Kalaba da Fatakwal da Badun da Kano, da sunan gari suke shiga, a tsinto gwanaye daga ƙananan ƙungiyoyin garin a haɗa.

A 1953 ne Kano ta karya wannan al'ada. Ta doke Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1, ta zama ta farko daga wajen Ikko da ta ɗauki kofin. Ɗalibin tarihi ya san 1953 da wasu abubuwa dabam: a watan Mayunta aka yi tarzomar Kano kan batun neman mulkin kai, a ƙarshenta kuma Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu. Waɗannan suna cikin littattafan da muke karantawa a aji. Kofin kuwa, wanda ya shigo garin a wannan shekara, sai a jerin sunayen masu nasara kaɗai ake cin karo da shi, layi ɗaya tak. Da shekara ta zagayo Kano ta sake kai wa wasan ƙarshe, amma Kalaba ta cinye ta.

Daga nan sai a yi tsalle zuwa zamanin Raccah Rovers, wadda har yau idan aka ambace ta a gaban dattijon da ya yi zaman birni a wancan lokaci, sai ka ga ya gyara zama. Baffana yana cikinsu. Ya yi aikin masaƙa a Bompai yana saurayi, kuma ya ce ran da Raccah take wasa ko kuɗin abincin rana gara ya rasa da ya rasa kuɗin shiga fili. A 1977 Raccah ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, amma kofin ya tafi Badun wurin IICC Shooting Stars. A 1978 ta cinye gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, kuma a shekarar ne Pele ya sa rigar Fluminense ta Barazil ya buga da ita a Kaduna. Mai karatu ya lura da wannan: lig ta samu, kofi ya ƙi. Za mu sake ganin haka.

Masu gida

Kano Pillars da muka sani yau an kafa ta ne a 1990, da aka haɗe ƙungiyoyi uku, watau WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. WRECA ɗin nan ƙungiyar hukumar aikin ruwa da madatsai ce ta Jihar Kano, don haka mu da muka tashi muna cin shinkafa da tumatirin rafin Watari muna iya cewa muna da ɗan hannu a gadon, ko da na wasa ne. Shekara guda da kafuwarta, a 1991, sabuwar ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta da ci 3 da 2. Sai da aka shekara 27 kafin ta sake leƙa wannan mataki.

A tsakanin nan ne ta zama gagarabadau a lig. Ta cinye a 2008, sa'an nan ta jera sau uku, 2012 da 2013 da 2014. Daɗin daɗawa, daga 2003 har zuwa watan Agusta 2015, da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2 da 1, ba a taɓa doke ta a gida a wasan lig ba. Shekara 12 ke nan. Kirarin "Sai Masu Gida" ba a banza ya tsaya ba. To, amma a nan ne nake ganin asirin abin yake. A lig, rabin wasanninka a gidanka kake yi, a gaban jama'arka, kuma duk mai bin ƙwallon ƙasar nan ya san cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske, saboda doguwar tafiya a mota da hayaniyar 'yan kallo da kuma wasu dalilan da ba sai na faɗa ba. Wanda ya tsare gidansa, ya ɗan tsinto canjaras a waje, yana iya kai wa gaci. A Kofin Ƙalubale kuwa, da an yi nisa sai a kai ƙungiyoyi filin da ba na kowa ba. Mai gida ya zama baƙo, ba Ƙofar Mata, ba maimai.

Kada a ce na yi wa Pillars rashin adalci, akwai shekarar da ta nuna ta iya sili ɗaya ƙwale a gidan wani. A 2009, a gasar zakarun Afirka, an haɗa ta da Al Ahly ta Masar, wadda a lokacin ita take riƙe da kofin. Aka yi 1 da 1 a Nijeriya, aka je Alƙahira aka yi 2 da 2, Pillars ta wuce saboda dokar da take fifita ƙwallon da aka ci a waje. Ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar gida, Heartland ta Owerri, ta fitar da ita da ci 4 da nema a can, 1 da nema a nan. Wanda ya kori zaki, sai ga shi ɗan'uwa ya kore shi.

Asaba

Yanzu na zo kan ranar da ta sa na yi wannan rubutu. Laraba ce, 24 ga Oktoba 2018, a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba. Kakar lig ta wannan shekara ba ta ƙare yadda aka saba ba, an datse ta bayan wasa 24 saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙasa, saboda haka duk ido ya koma kan kofi. Abokiyar karawar ita ce Rangers ta Inugu, wadda ita ma ƙishirwa take ji, don rabonta da kofin tun 1983, lokacin da ta doke DIC Bees ta Kaduna a bugun fenariti. Ibrahim Musa ne mai horar da Pillars, Gbenga Ogunbote kuma na Rangers.

Ni a lokacin ina ƙaramar sakandare. Kaka ce, an riga an yi girbin gero, dawa tana tsaye, ana fama da roron wake da cirar gyaɗa. Amma ranar, tun da la'asar sakaliya, gonaki suka watse. Muka kewaye rediyon Baffa a ƙofar gida, kusa da teburin mai shayi, manya a kan benci, mu yara a ƙasa.

Tun ba a yi minti goma ba kyaftin Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, ya zura ta farko. Kafin hutu Ibrahim Alhassan ya ƙara ta biyu. Ana dawowa daga hutu, ba a jima ba, Nyima Nwagua ya sa ta uku. Uku da nema a wasan ƙarshe! Masu babura suka fara matsa ham a kan titi. Mai shayi ya miƙe ya rantse cewa shayin daren nan kyauta ne, har da burodi ga wanda ya riga zuwa. Wasu suka tashi suka kama gabansu, wai abin da ya rage ɓata batir ne. Na tuna na ce wa Baffa, "Baffa, yau dai an rama muku na Raccah." Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Kai yaro, zauna. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare."

Saura ƙasa da minti 15 a tashi, Kelvin Itoya ya farke ɗaya. Ba wanda ya damu, har wani ya ce sadaka ce. Bayan 'yan mintoci Chidera Ezeh ya ƙara ta biyu, sai masu ham suka yi shiru, waɗanda suka tafi suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya suna tambayar abin da ya faru. Muryar mai sharhi ta canza, ya daina kirari ya koma lissafin lokaci. A daidai ƙarshen wasa Ajani Ibrahim ya farke ta uku. Aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida, Rangers ta ci 4, Pillars ta ci 2.

Mai shayi bai warware rantsuwarsa ba. Ya zuba wa kowa, muka sha ba mai ce wa wani uffan. Ban taɓa shan shayi marar daɗi irin na wannan dare ba, alhali kuwa ya sa madara fiye da kullum.

An yi ta faɗin dalilai daga baya, kowa da nasa. Wasu sun ce gajiya, wasu sun ce canjin 'yan wasa, wasu kuma, kamar kullum, sun ce an yi aiki. Ni abin da nake iya tsayawa a kai shi ne abin da lissafi ya nuna. Pillars ta fi ƙarfin Rangers na minti 75, Rangers ta fi ƙarfinta na minti 15, kuma a sili ɗaya ƙwale ba a tambayar wanda ya fi daɗewa a sama. Da a lig ne, da an raba maki ɗai-ɗai an wuce wurin, mako mai zuwa a dawo gida a huce a kan wani. Ƙungiyar da ta saba da cewa akwai gobe, ranar ta shiga wasan da ba shi da gobe.

Agege da Kaduna

Abin bai tsaya nan ba. A watan Yuni 2019 aka tara ƙungiyoyi shida da suka fi maki a filin Agege da ke Ikko, domin su kara da juna a fitar da zakaran lig. Wannan tsari ya ɗan yi kama da na Amurka, inda ake gama kaka tukuna sa'an nan gwanaye su sake fafatawa. Pillars ta doke Enyimba ta Aba da ci 2 da nema, ta kama hanya. Sai ta sake haɗuwa da Rangers. Tana gaba da ci ɗaya, ana gab da tashi Rangers ta farke, aka tashi 1 da 1. Rai ya ɓaci, kyaftin ya tunkari alƙalin wasa, wasu magoya baya suka kutsa cikin fili. Hukumar gasar ta ci ƙungiyar tarar Naira miliyan 8, ta kuma yanke wa Rabi'u Ali dakatarwar wasa 12. Da aka gama, Enyimba tana da maki 12, Pillars 11. Watau maki biyun da suka zube a hannun Rangers su ne suka tafi da kambin. Zancen alƙalanci ana iya yin musu a kansa har gobe, amma shiga filin abin kunya ne, kuma ba na cikin masu neman yi masa kwaskwarima.

Bayan mako bakwai, ranar Lahadi 28 ga Yuli 2019, Pillars ta sake tsayawa a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wannan karon a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, da Niger Tornadoes ta Minna. Wasan kansa ba shi da wani labari, an tashi ba ci. A ƙofar gidanmu ba wanda ya matsa ham, mai shayi kuma bai yi wa kowa alkawari ba. Aka tafi fenariti, abin da ya kashe mu a Asaba, Pillars ta ci 4, Tornadoes ta ci 3. Ibrahim Musa, wanda aka yi ta zagi wata tara da suka wuce, shi ne dai ya kawo kofin.

Shekara 66 ko shekara 29?

Washegari aka yi ta cewa Pillars ta ɗauki kofin bayan shekara 66, ana ƙirgawa daga 1953. Wasu jerin sunayen masu nasara ma sukan rubuta Kano Pillars a gaban 1953 da 1954. Ni a nan ina da ja. Ƙungiyar da ake magana a kanta a 1990 aka kafa ta, kuma mun san ƙungiyoyi ukun da aka narka aka yi ta. Idan tarihin ƙungiya ake bi, kofin 2019 shi ne na farko, ya zo bayan shekara 29 da faɗuwa biyu a wasan ƙarshe. Idan kuwa tarihin gari ake bi, to shekara 66 daidai ne, amma sai a ce Kano, kada a ce Pillars, kuma dole a sa Raccah a cikin lissafin, domin ita ta riƙe tutar garin a tsakiyar wannan dogon jira. Haɗe su wuri ɗaya yana ƙara wa Pillars tsufan da ba nata ba, yana kuma shafe waɗanda suka yi wahalar kafin ta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mu masu nazarin Hausa. Ɗan damben da ya yi suna yana da makaɗinsa. Sunan Shago ya tsira ne a bakin Ɗan Anace, har wanda bai taɓa zuwa fagen dambe ba ya san shi. 'Yan wasan 1953 kuwa, waɗanda suka ɗauko kofi daga Ikko suka kawo Kano, na tambayi dattawa da dama a Bagwai da cikin birni, ban sami wanda ya kawo mini sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Na Raccah suna nan a kan mutane irin su Baffa, waɗanda duk sun haura sittin. Mu da ake tura mu ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana mu tattaro tatsuniyoyi da waƙoƙin daɓe, babu abin da zai hana a tura wani ya zauna da tsofaffin 'yan wasa da 'yan kallo na Fagge da Sabon Gari da Ƙofar Mata, tun suna da rai.

Kafin in dawo makaranta na karanta wa Baffa wannan sashe na ƙarshe, ina tsammanin zai yaba mini. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce lissafina na 29 da 66 duk bai dame shi ba. Shi a wurinsa kofin Kaduna na yaran yanzu ne, ya kuma taya su murna, amma na 1977 har yau Badun tana riƙe da shi. Na ce, "To, Baffa, ai Raccah ba ta nan balle ta karɓo." Ya ce in rubuta haka nan, in kuma tabbata na rubuta sunanta daidai.